Mutum na Uku a Zanen da Kawu Ya Yi Gadi

Ranar sadakar uku ta Kawu, gidansa na Lanham, a Maryland kusa da Washington, bai ɗauke mu ba. Maza sun cika falo har bakin matakala, mu mata muka takure a kicin da ɗakin Inna, matarsa. Direbobin tasi 'yan Nijar suka zo a tare bayan azahar, kowa da abin da ya tuna. Wani ya ce Kawu ne ya ɗauko shi daga filin jirgi ranar da ya fara taka ƙasar nan, ya kuma cire rigar sanyinsa ya ba shi. Wani likita ɗan Zariya ya ce shekara goma suna cin abinci kwano ɗaya ran Juma'a, bai taɓa ganin Kawu ya riga kowa sa hannu ba. Inna dai ba ta cewa komai sai "Allah Ya ba da lada," idonta a ƙasa.

Can da la'asar wani dattijo baƙar fata ɗan ƙasar nan ya ƙwanƙwasa ƙofa, sanye da yunifom na masu gadi irin na Kawu, riƙe da furanni. Ya ga takalma jere a waje, shi ma ya cire nasa. Ba mu san abin da za mu yi da furannin ba, sai wata ta sa su a bokiti ta ajiye bayan ƙofa. Ya ce tare suka yi aiki da Kawu, kuma har yau ɗakin da yake tsayawa a bene na biyu da sunansa suke kiransa. Ya faɗi haka, ya tafi.

Malam, aminin Kawu, shi ya ja addu'a. Ya kai tsakiya muryarsa ta karye, wani ya ƙarasa masa.

Na kasa kunne har aka watse. An faɗi haƙurinsa, an faɗi kyautarsa da riƙon sallarsa, duk gaskiya ne. Amma ban ji wanda ya ambaci zanen fentin da ya yi gadi ba. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. In ban faɗa ba, ban ga wanda zai faɗa ba.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Sunan kakata na ci, wato mahaifiyarsu, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "Uwata." A hannunsa na sauka da na zo karatun jinya a farkon shekarun dubu biyu. A gida malamin makaranta ne, a wani ƙauye arewa da Daura. A nan ya yi tuƙin tasi har bayansa ya gaza, sannan ya samu aikin gadi a wani gidan adana zane-zane a cikin Washington. Aikinsa shi ne ya tsaya a ɗaki ɗaya tun safe har yamma, ya hana a taɓa, ya hana a matsa kusa, ya nuna hanyar bayi. Kullum da asuba yakan goge rigarsa da kansa, ya sa kanumfari uku a aljihu, ya bi bas zuwa tashar jirgin ƙasa. Ba a yarda masu gadi su zauna ba, don haka takalminsa mai kaurin ƙasa ne, kuma in ya dawo sai ya tsoma ƙafafunsa a ruwan ɗumi kafin ya iya magana da kowa.

Na kai wata shida a gidan kafin ya ce min, "Uwata, ran Asabar ba ki da makaranta. Ki zo wurin aikina, akwai abin da nake so ki gani."

Zane-zane tara ne a ɗakin, amma gaban ɗaya ya kai ni. Zanen fentin mai ne, faɗinsa bai wuce tabarmar salla ba, an yi shi sak yadda ido ke gani, har kana iya ƙirga facin rigar mutane. Fili ne fetal, ba itace ko ɗaya, sararin sama fari fat. A tsakiya bakin rijiya ne da ake haƙa, an gicciya katako a kai. Wata mata da wani tsoho suna riƙe da igiya. A gefe tulin ƙasa ya fi tsayin matar. Ɗan allon da ke jikin bango ya ce an yi zanen a shekarun babban farin da aka yi a tsakiyar ƙasar kafin yaƙin duniya na biyu, kuma yana nuna manoma biyu da ƙarfin halinsu da kyakkyawan fatansu na samun ruwa.

Na ce, "Ya yi kyau, Kawu."

Ya ce, "Ba ki gama gani ba. Mutum nawa ne a ciki?"

"Biyu."

"Su biyun suna sama. To wa yake cika musu kwandon?"

Ya miƙa haɓarsa, don ba ya nuna zane da yatsa. A bakin ramin, can gefen dama, akwai takalmi ƙafa biyu an jera su, da hula an kife a kai. Na kalli wurin sau uku ban lura ba.

"Mai takalmin nan yana ƙasa," in ji Kawu. "Dubi igiyar, a miƙe take, da nauyi a ƙarshenta. Dubi tulin, zurfin ramin nan ya kai gaba goma sha biyu. Sannan dubi ƙasar da ke sama sama, wadda suka fito da ita ƙarshe. Toka toka ce, ba ta manne a kwandon ba, ba ta ɓata wa tsohon wando ba. Ba danshi ko kaɗan. Babanmu in ya ga irin wannan a gaba goma, cewa yake a jawo shi a rufe. Babu ruwa a nan, Uwata. Matar ma ta sani. Ba ramin take kallo ba, hanya take kallo."

Ranar na fara sanin cewa kakana mahaƙin rijiya ne. Mahaifiyata ba ta taɓa faɗa min ba.

Tun daga nan duk Bahaushen da ya sauka a gidan Kawu sai an kai shi ya ga zanen. Mafi yawa sukan ce "Masha Allah" su tambayi inda ake cin abinci. Kawu ba ya jin haushi. Sunan mai zanen na nan a allon, amma shi "mai fentin" kawai yake ce masa, kuma yana maganarsa kamar wani wanda suka taɓa zama. Yakan ce, "Mai fentin nan bai yi ƙarya ba. Masu rubutun ne ba su taɓa riƙe igiya ba."

Faɗansa da Malam ma a kan zanen ne. Wata Juma'a ana cin abinci bayan masallaci, Malam ya ce cikin hira, a gaban mutane, shi dai ba zai iya tsufa yana gadin hotunan mutane ba, gara wanke kwano. Kawu ya cire hannunsa daga kwanon, ya wanke, ya yi sallama. Mutanen da kullum sai sun yi waya bayan magariba suka koma gaisuwar baki. Aka yi ƙaramar salla, aka yi babba. Inna ta yi magana har ta gaji. Ni ma na sa baki, ya ce min, "Uwata, wannan ba taki ba ce."

Malam ne ya fara saukowa. Ya kira ni ya ce in kai shi wurin, ya ga abin da ya raba shi da amininsa. Muka iske Kawu tsaye a kusurwarsa, hannu a baya. Suka gaisa a daƙile. Kawu ya kai shi gaban zanen, ya nuna masa takalmin da igiyar. Sannan ya faɗi abin da ban taɓa ji ba, muryarsa ƙasa ƙasa saboda masu kallo.

"Malam, ina da wa. Shi yake bin Babanmu a sana'a, ni aka sa boko. Wani hutu na dawo, ina da shekara ashirin da wani abu, suna haƙa a wani ƙauye, aka ce in riƙe igiya. Yana ƙasa muna hira, yana tsokanata wai hannun ɗan boko ba ƙwari. Sai na ji ya yi shiru. Iskar ƙasan ce ta ɓaci. Muka yi ta kira. Igiyar tana hannuna, amma kwando aka ɗaura wa, ba shi ba. Na jawo kwandon ya zo cike da ƙasa. Shi ya cika shi. Kafin a samu wanda zai iya sauka, an yi la'asar."

Ya ɗan tsaya, ya sa kanumfari a baki.

"To kullum in na shigo ɗakin nan, ga igiya a miƙe. Wannan bai yi shiru ba tukuna. Shi nake gadi."

Malam ya daɗe yana kallon ramin. Can ya ce, "Allah Ya fito da shi lafiya." Sai ya kama bakinsa, ya gane wa ya yi wa addu'a. Kawu ya ce amin, bai yi dariya ba. Ran nan bayan magariba wayar gidan ta yi ƙara.

Bayan wasu shekaru, na riga na yi aure na koma Springfield, can wancan gefen Washington, Kawu ya kira ni da yamma daga wurin aikinsa, abin da ba ya yi. Ya ce in zo gida in na tashi aiki. Na iske shi ko yunifom bai cire ba.

Wata tsohuwa Baturiya ce ta zo ana dab da rufewa, jikarta na tura ta a keken marasa lafiya. Ta ce a tsayar da ita gaban zanen. Aka buga ƙararrawar tashi, ɗakin ya watse, ita ba ta motsa ba. Aikin Kawu ne ya fitar da ita. Maimakon haka ya matso ya ce mata, da Turancinsa na malamin makaranta, "Akwai mutum a cikin rijiyar nan." Ta ɗago ta dube shi, ta ce, "Mahaifina ne."

Ta ba shi labari, shi kuma ya ba ni. Matar da ke zanen uwarta ce, tsohon kakanta. Mai fentin matafiyi ne, motarsa ta lalace kusa da gonarsu, ya zauna da su kusan mako biyu yana jiran kayan gyara. Da safe yakan taya su jan ƙasa, da rana ya zauna a inuwar ɗaki yana zane. Ya so ya zana uban, amma uban tun fitowar rana yake sauka, ba ya fitowa sai ta faɗi, kuma ya ce ba shi da lokacin tsayawa a kalle shi. Sai mai fentin ya zana takalminsa. Rijiya ta uku ke nan da suka haƙa a gonar. Ba su samu ruwa ba. Kafin shekara ta zagayo suka ɗaure kayansu suka yi yamma, kakan ya rasu a hanya. Ita ba ta san zanen yana nan ba sai da jikarta ta ci karo da hotonsa.

Na ce, "Kawu, ashe ka yi gaskiya."

Ya ce, "Bari wannan. Na tambaye ta, ya fito? Ta ce ya fito. Ya yi tsufa, ya ga jikoki." Ya share fuskarsa da tafin hannu. "Ya fito, Uwata."

Ya bar tsohuwar ta yi kusan rabin awa bayan lokacin rufewa, yana tsaye a bakin ƙofa yana ba abokan aikinsa haƙuri. Washegari aka ba shi takardar gargaɗi, ta farko kuma ta ƙarshe a duk aikinsa. Ya ninke ta ya sa cikin jakar takardunsa, tare da shaidar zama ɗan ƙasa.

Ya nemi ganin matar da ke kula da sashen zane-zanen. Ta saurare shi da mutunci, har ta rubuta wasu abubuwa. Ta tambayi sunan tsohuwar da inda take. Kawu bai tambaya ba. A wurinsa rashin kunya ne ka tsare dattijuwa tana kuka kana neman adireshinta. Matar ta ce ta yarda da shi, amma ba a canza rubutun allo sai da shaida a takarda. Ni da shi muka rubuta wasiƙa sau biyu, na buga masa. Aka amsa da godiya. Allon bai canza ba, tsohuwar kuma ba ta sake dawowa ba. Yakan duba kowane keken marasa lafiya da ya shigo ɗakin.

Abin da zai hana ni sukuni har in mutu shi ne idonsa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kullum ina kan duba marasa lafiyar wasu, amma ban lura da nawa ba. Na ga yana cin karo da gefen ƙofa, na ce gajiya ce. Na ga yana juya kansa gaba ɗaya in zai kalli mutum, na ce tsufa ne. Shi ya sani, ya ɓoye, don kada a raba shi da aikin. Sai ranar da wani baƙo ya ɗora tafin hannunsa a kan wani zane, taku uku daga inda Kawu yake tsaye, bai gani ba. Aka tura shi gwaji. Likitan ido ya ce min ciwon nan ne mai cin gani daga gefe, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Na san haka tun kafin ya faɗa, a makaranta na karanta. Aka yi masa aiki, aka ba shi maganin ɗigawa kala uku. Na riƙa zuwa daga Springfield ina ɗiga masa da hannuna, kamar hakan zai gyara wani abu. Cikin shekara biyu sai haske da duhu kawai yake bambancewa.

Bai yi ƙorafi ba ko sau ɗaya. Yakan zauna a bakin taga da carbinsa. Inna ta ce har lokacin da asuba sai ya laluba ya taɓa rigar aikin a inda take rataye.

Wata rana ya ce, "Uwata, kai ni in gaishe su."

Na riƙe hannunsa muka hau bene na biyu. Daga bakin ƙofar ɗakin ya saki hannuna, ya ƙirga takunsa, ya tsaya daidai inda ya saba tsayar da baƙi. Ni kuwa tun daga ƙofa na ga an yi canji. An sake wa ɗakin fenti. A wurin rijiyar an rataye wani zane na mutane a bakin teku, da wani kare ya saci hular wani yana gudu.

Kawu ya gyara tsayuwa, ya mai da hannu baya. Ya fara faɗa min a hankali, ga matar, ga tsohon, ga tulin ƙasa. Yana miƙa haɓarsa wajen karen.

"Takalmin yana nan?"

Na ce, "Yana nan, Kawu."

Ban taɓa yi masa ƙarya ba sai ranar. Wasu mata biyu suka tsaya a bayanmu, ɗaya ta nuna wa ɗaya karen, suka ƙyalƙyale da dariya suka wuce. Kawu ya ƙara minti kaɗan a tsaye, sannan ya miƙo min hannu.

Mun hau babbar hanya kafin ya yi magana. "Sun cire shi ko?"

Kuka ya ƙwace min.

"Shekara goma sha uku ina tsaye a wurin, ban taɓa jin an yi dariya a gabansa ba." Ya laluba ya dafa hannuna a kan sitiyari. "Kar ki yi kuka kina tuƙi. Ba laifinki ba ne."

Na bincika, aka ce an mai da zanen ma'ajiya, a wani gini can bayan gari, kuma ba a san ranar da za a sake fito da shi ba. Ana iya neman izinin gani, amma masu bincike ake fara ba. Na cike takarda da sunanmu mu biyu. Da na faɗa masa ya ce, "Me zan gani, Uwata?" Amma duk zuwan da na yi, bayan mun gaisa ya tambayi mijina da yara, sai ya ce, "Sun amsa?" In ce tukuna. Na yi waya, na sake rubutawa, aka ce ana gyaran ginin, in ƙara haƙuri.

Ya faɗi a banɗaki wata safiya, jini ya hau masa kai. Kwana huɗu ya yi a asibiti bai farfaɗo ba. Ina zaune a gefensa ina kallon na'urorin, na san abin da kowace lamba ke nufi, kuma babu abin da zan iya taɓawa. Ya cika ranar Talata da hantsi, Malam yana masa kalmar shahada a kunne. A nan Maryland muka binne shi.

Amsar ta zo bayan sadakar arba'in da mako biyu. An ba mu ranar Alhamis, ƙarfe goma, minti ashirin.

Na yi niyyar in ƙi zuwa, amma na je. Wata ma'aikaciya ta tarbe ni da fara'a, ta ba ni kati na rataya a wuya, ta bi da ni wani dogon ɗaki mai sanyi, ba taga. Ta jawo wani bangon raga mai ƙafafu, zane-zane rataye a jikinsa gaba da baya, ta kunna fitila ɗaya. Zanen rijiyar yana can ƙasa ƙasa, ya fi yadda na tuna shi ƙanƙanta. A gabansa an ajiye kujeru biyu, ɗaya mai hannu da katifa. Ta ce ta ga a takardar an rubuta dattijo ne mara gani, shi ya sa ta ɗauko masa wannan daga ofishinta.

"Yana tafe? Za mu iya jiransa."

Na ce mata ya rasu. Ta ba ni haƙuri, ta kai hannu za ta ɗauke kujerar. Na ce ta bar ta.

Na zauna. Na karanta masa abin da ya sawwaƙa, na roƙi Allah Ya haskaka masa kabarinsa, Ya haɗa shi da wansa da iyayensu a inda ba ƙishi, Ya yafe masa, ni ma Ya yafe min. Ban san lokaci ya cika ba sai da ta taɓa kafaɗata. Ta tura bangon ya koma cikin 'yan'uwansa, ta kashe fitilar.

A cikin mota na kira Inna. Ita duk shekarun nan ba ta taɓa zuwa ta ga zanen ba, ba ta son shiga gari.

"Kin gan shi?"

"Na gan shi, Inna."

"Suna dai kula da shi ko?"

"Suna kula da shi. Ko ƙura babu."

"Akwai mai tsayuwa a wurin?"

"Babu, Inna. A rufe yake."

Na ji numfashinta a wayar, ba ta kashe ba. Ni ma ban kashe ba.